Na raba takunkumi da safar hannu, yara sun ƙi sawa: laifin wa?

Alhaji Mai Inji, Jega: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙorafi na kawo, kuma ina so masu injin gyaran shinkafa irina da ma'aikata kowa ya sa baki. Da aka shiga kakar bana na sayo katan na takunkumi, na sayo safar hannu, har da takalman roba na masu aikin jiƙo, na raba wa kowa. Sati bai zagayo ba takunkumin ya koma ƙarƙashin haɓa. Safar hannun kuwa da idona na ga wani yana sauke tukunyar shayi da ita. Gobe in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, gari ya ɗauka Alhaji mugu ne, ba ya kula da yaransa. To me ya rage mini? In tsaya a kansu da bulala?

Ɗan Kamba: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah shi ƙara arziki. Amma don Allah ka taɓa sa takunkumin ga ka tsaya bakin injin ɓarza da azahar cikin watan Afrilu? Rufin kwano, ba taga, zahi ya haura digiri 40 a waje balle ciki. Kahin a jima zufa ta jiƙe shi, ƙura ta manne mai, numfashi ya ƙi hita. Ba ƙin lahiyarmu munka yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ka zuba mai.

Alhaji Mai Inji, Jega: To ai ga shi nan. Kun ji ko? In ka saya laifi, in ba ka saya ba laifi.

Injiniya, Birnin Kebbi: Alhaji, ranka ya daɗe, ka yi ƙoƙari, don da yawa ko wannan ba sa yi. Amma zan faɗi abin da ba zai yi daɗin ji ba: daga wutsiya ka faro. Takunkumi da safa su ne matakin ƙarshe, bayan an gama duk abin da za a iya yi wa injin da ɗakin da yake ciki. Dalili kuwa shi ne kayan sawa sun dogara ne ga halin ɗan Adam, sai ya tuna, sai ya jure, kullum, awa goma ko sha biyu. Murfin bel kuwa in ka sa walda ta kafa shi sau ɗaya, ya zauna ke nan, ko yaro ya tuna ko ya manta.

Sannan safar hannun nan, don Allah ka karɓe ta daga duk wanda yake aiki kusa da bel, fuli ko sarƙa. A wurin abin da ke juyawa safa ba kariya ba ce, tarko ce. Hannu tsirara in ya goga bel, mutum na iya fizgewa da ƙujewa kawai. In da safa, zaren ne zai maƙale, ya ja yatsu, ya ja hannu. Haka doguwar riga, haka rawani, haka bakin mayafi. Safa ta masu ɗaukar ƙarfe ce da masu taɓa abu mai zafi da masu zuba magani, ba ta ofareta ba.

Matashi Ɗan Bunza: Kai! Ni fa na ɗauka duk wanda ya sa safa ya fi tsira. Wallahi yau na fara jin wannan.

Injiniya, Birnin Kebbi: Ƙanena, bari in nuna maka yadda yawancin yatsu suke tafiya a injinanmu, don ni gyara nake yawo, ina gani. Elabeta, wato injin da ke ɗaga shinkafa sama a cikin bokitai, ta cushe da shanshera, ko NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Inji ya yi tsit. Yaro ya buɗe ƙaramar ƙofar nan ta ƙasa, ya durƙusa, ya zura hannu har gwiwar hannu yana yaso shinkafar da ta toshe. Ba wanda ya kashe makunni, don kowa yana ganin ai babu wuta. Sai NEPA ta dawo da ita, ko mai janareta da ke can bayan gini ya tayar ba tare da ya leƙo ba. Shi ke nan. Kafin ihu ya kai ga wanda zai kashe, bokitan elabeta sun riga sun wuce da abin da suka kama.

Maganin wannan ba tsada gare shi ba. Akwai sitata irin wadda in wuta ta ɗauke take sakin kanta, inji ba zai sake tashi ba sai mutum ya zo ya danna koren maɓalli da hannunsa. Duk mai aikin wayarin na kirki ya san ta. Na biyu kwado. Wanda zai shiga cikin inji ya sauke babban makunni, ya ɗaura masa kwado, ya jefa makullin a aljihunsa. Ba a aljihun fomen ba, ba a rataye jikin ƙusa ba, a aljihun mai hannun. A manyan masana'antu korar mutum ake yi in ya taɓa kwadon wani.

Alhaji Mai Inji, Jega: Injiniya kana magana kamar muna 2016. Lokacin da Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa, sannan aka rufe boda a 2019, kowa ya ruga ya kafa inji, kuma an samu. Yanzu fa? Tun da aka sassauta harajin shigo da abinci a 2024 kasuwa ta sauya. Ga man dizal, ga kuɗin wuta. Wasunmu kwana uku a sati suke tayar da inji don kawai kada yara su watse. A haka kake cewa in canja sitata?

Injiniya, Birnin Kebbi: Na san halin da ake ciki Alhaji, ni ma masu inji da yawa ina bin su kuɗin gyara. Amma ka lissafa katan ɗin takunkumin da za ka riƙa saya duk wata ana zubarwa, ka ajiye shi gefe guda da kwado huɗu, ragar ƙarfe ta rufe bel, da fasa bango a buɗe tagogi ta inda iska ke kaɗawa. Na biyun sau ɗaya ake biya.

Sarkin Dako, Argungu: Dut maganar inji kuka yi, mu 'yan dako ba wanda ya tuna da mu. Buhun shinkafar da anka gyara kilo 50 na, wannan da sauƙi. Buhun shanshera hwa? Dillalai danna shi suka yi, su ɗinka mai hula bisa, har shi kusa kilo 100, don su ci ribar awo. Mutum guda ka ɗaukar shi ga wuya, shi hau katako shi kai bisa tirela. Kuma buhu-buhu aka biyanmu. Wanda ya tsaya hutawa, abincin ɗiyanai ya rage. Ku zo ku ga dattawanmu, ba wanda ke miƙewa sosai.

Sista Maman Ummi: Baba Sarki gaskiyarka. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi guda ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55, kuma ƙasashe da yawa yanzu sun sauko ƙasa da haka sosai. Masu ciwon baya da gwaiwa da ke zuwa mana, da ka tambayi sana'a sai ka ji dako. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ake sha don a jure. Ba sai na kama suna ba, kowa ya san ƙwayar da ake haɗawa da shayi da asuba. Ciwo yana nan, an dai kashe jin sa ne, sai a ƙara lodi a kan ƙashin da ya riga ya gaji.

Matashi Ɗan Bunza: Sista kin taɓo inda yake ciwo. Amma ki gaya wa masu biya, ba mu ba.

Sista Maman Ummi: Su ma suna karantawa ai. Bari in koma kan ƙura, tunda da ita aka faro. Ɗan Kamba bai yi ƙarya ba, takunkumin shuɗin nan na asibiti ba don ƙurar masana'anta aka yi shi ba, gefensa a buɗe yake. Wanda ke tare ƙura mai laushi shi ne irin N95, kuma shi ma sai ya zauna daram a fuska. Mai gemu cike da ƙyar yake zauna masa, wannan kuma kun san yadda garinmu yake. Shi ya sa nake bayan Injiniya: a rage ƙurar tun daga inda take fita.

Ƙurar da kake gani tana tashi ba ita ce mafi sharri ba, hanci da maƙogwaro suna tare kaso mai yawa, ka yi kaki ka tofar. Wadda ido ba ya gani ita ke sauka can ƙasan huhu. A ƙurar hatsi akwai funfuna, musamman in shanshera ta kwana da danshi, shi ke kawo tarin nan da shaƙewar ƙirji irin ta asma. Sai tokar ɓuntu da ake kwashewa daga murhun tukunyar tururi. Yawancinta sinadarin yashi ne, kuma wanda ya shekara yana kwasarta a bushe da shebur yana shaƙa, huhunsa na iya yin tabon da ba ya warkewa. A yayyafa mata ruwa kafin a kwasa. A daina share ɗaki a bushe, a daina hure jiki da iskar kwamfureso in an tashi aiki.

Duk wanda tari ya wuce masa sati biyu ya je a duba majinarsa, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Kada a ce ai ƙura ce kawai.

Ɗan Anka: Salamu alaikum. Ni baƙo ne a zauren nan, mutumin Zamfara ne, yanzu ina wajen Yauri. Ina karantawa jikina ya yi sanyi, don maganar ƙura mu ba a littafi muka karanta ta ba. A 2010 yara suka fara mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum: Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, Tungar Daji, daga baya aka gano Bagega ta fi ko'ina yawan jama'ar da abin ya shafa. Yaro ya fara amai, ya shiga jijjiga, ya tafi. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, wasu suka ce iska. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ga maganin zazzaɓi ba ya ci, aka ɗebi jini aka kai gwaji, sannan aka ce gubar dalma ce. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu.

Kuma me ya kawo ta? Dutsen zinare ne mai dalma a ciki. Ana kawo shi gida a buhu, a daka a turmi, a niƙa a irin injin da ake niƙa hatsi, a bushe, a tsakar gida, a shanya inda yara ke rarrafe. Uban da ya je rami ya dawo, rigarsa fari fat da ƙura, ya ɗauki ɗansa. Ba wanda ya yi da mugunta, ba a sani ba ne.

Abin da nake so Alhaji ya lura: ba da takunkumi aka shawo kan abin ba. Ƙasar gidaje aka ƙanƙare aka kwashe aka zuba sabuwa, Bagega ma sai 2013 aka samu yin nata. Aka fitar da niƙa daga cikin gari, aka koya wa mutane niƙa da ruwa, da wanka da canja kaya kafin a shiga gida. Sai da aka gyara wurin sannan maganin da ake ba yaran ya yi amfani, don in ka wanke jinin yaro ka mayar da shi cikin ƙurar, aikin banza ne. Kuma duk da haka a 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Hajiya Mai Turara, Suru: Allah ya jiƙan yaran nan. Ɗan Anka, ashe abin da miji ya kwaso wurin aiki har ɗaki yake biyo shi.

Ɗan Anka: Har kan tabarma Hajiya. Yanzu ma a wuraren zinare ina ganin yara matasa suna ƙona zaiba a cokali ko a gwangwani, fuska a kan hayaƙin. Ka yi magana su ce kai tsoho ne. Sai hannu ya fara rawa tukuna.

Na Allah Ba Ya Ƙarewa: Jama'a ku ji tsoron Allah. Duk wannan lissafin, abin da aka rubuta wa bawa ba ya wuce shi. Kakanninmu sun yi noma da sassaƙa da ƙira ba hular kwano, sun tsufa. Wanda yatsansa zai fita, ko a gado yake zai fita.

Malam Na Zauro: Ɗan'uwa, imani da ƙaddara wajibi ne, ba mai jayayya. Amma ka duba fiƙihun da muke karantawa a zaure. Shari'a ta yanka wa ran mutum diyyar raƙuma 100, ta yanka wa kowane yatsa raƙuma 10, kuma ta wajabta diyya ko da kisan kuskure ne. Da ƙaddara tana share alhaki, da ba a buɗe wannan babin ba sam. Malamai sun yi magana a kan wanda ya haƙa rami a hanyar mutane inda ba shi da izini wani ya faɗa, sun ce akwai lamuni a kansa. Ban ce kowane hatsarin inji diyyarsa na kan mai inji ba, wannan aikin alƙali ne ya duba sakaci daga ina ya zo. Abin da nake ƙi shi ne yadda kalmar ƙaddara ta fi fitowa daga bakin wanda za a tambaya, tun jinin bai bushe ba. Wanda ya ji ciwon shi ya kamata ya faɗe ta don ya samu haƙuri. Mai wurin kuma ya tambayi kansa me ya bari a buɗe.

Na Allah Ba Ya Ƙarewa: Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma har yanzu ina ganin ana ɗora wa masu kuɗi laifi da yawa. Yaran ma akwai ganganci. Na ga mai tsallake bel yana gudu don ya burge abokai.

Ɗan Kamba: Wanga gaskiya ta, akwai masu ganganci cikinmu. Amma mi ya sa bel ɗin yana waje har a tsallake shi?

Hajiya Mai Turara, Suru: Ku maza kuna ta inji. Mu mata masu turara shinkafa a gida da rabin duro ba mu da Alhajin da za mu kai wa kuka. Hayaƙin itace a ido tun asuba, ruwan zafi, yara na kewaye da murhu. Sista, in ruwan ya zubo wa mutum me ya kamata? Mu nan ƙwai ake fasawa, wasu man goge baki, wasu gishiri.

Sista Maman Ummi: Hajiya don Allah a bar duk waɗannan. Ruwa mai sanyi, na randa ko na famfo, a yi ta kwararawa a wurin kamar minti 20. Ba ƙanƙara ba. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a fasa ƙurjin, kada a fizge zanen da ya manne, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti. Ƙwai da man goge baki ƙwayoyin cuta suke kawowa, kuma sai mun sha wahalar wanke su kafin mu ga ciwon.

Tunda an zo nan, na masu inji: in yatsa ya guntule, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Kada a zuba man birki, kada a zuba baƙin mai ko fetur, na san ana yi a gareji. Guntun yatsan a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, a tafi da shi. Ko za a iya mayarwa ko ba za a iya ba, likita ne zai faɗa. A yi allurar tetanus. Wanda wuta ta kama kuma kada a taɓa shi da hannu, a kashe makunni tukuna.

Mai Gadi: Ni tambaya gare ni. A sito nake kwana. In an sa ƙwayar nan ta ƙwari da ake ce wa bom a cikin buhuna, sai in tashi da ciwon kai da tashin zuciya, wani wari kamar tafarnuwa. Na yi magana aka ce sabo ne.

Injiniya, Birnin Kebbi: Baba mai gadi, daren yau kada ka kwana a wurin. Ba wasa nake ba. Ƙwayar nan da ta sha danshin iska take sakin iskar gas mai kisa, ita ce ke kashe ƙwarin, kuma ba ta bambance ƙwaro da mutum. Ba ta da makari, in ta yi yawa a jiki sai dai a yi ta tallafa wa mutum a asibiti. Ƙa'ida ita ce a lulluɓe kayan da tamfol a toshe, a kulle sito na kwanaki, a rubuta gargaɗi a ƙofa, sannan a buɗe ya sha iska sosai kafin kowa ya shiga. Ko ɗakin da ya haɗa bango da siton ba a kwana a ciki, tana bi ta tsaga. Ba a sabawa da ita.

Sista Maman Ummi: Baba ka je a duba ka, ka gaya musu sunan abin da aka sa. In da gwangwanin ka tafi da shi a rufe.

Ma'aikacin Dare: Tunda ana tone-tone. Inda nake aiki, ƙarfe goma na dare ake rufe babbar ƙofa da kwado ta waje, wai don kada a fitar da shinkafa. Makullin yana wurin wani da ke kwana a cikin gari. Ga tukunyar tururi, ga ɓuntu tsibi guda, ga wayoyi a zube. Sunan kamfanin shi ne

Shugaban Zaure: Dakata ɗan'uwa. Dokar zaure ba a kama sunan kamfani ko na mutum. Ka tura wa Barista ta gefe.

Barista: Na gode Shugaba. Ma'aikacin Dare, wannan karya doka ne kai tsaye. Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta hana a kulle ƙofa ta yadda na ciki ba zai iya buɗewa nan take ba matuƙar akwai ma'aikaci a ciki. Ba a banza aka rubuta ba. A 2002 gobara ta tashi da dare a wani kamfanin roba a Ikorodu ta jihar Legas, ma'aikata suna kulle a ciki, mutane da dama suka ƙone. A 2020 lokacin korona 'yan sanda sun fito da ma'aikata sama da ɗari daga wani kamfanin shinkafa a Kano, inda aka tsare su watanni ba fita.

Dokar nan ta tanadi a yi wa masana'anta rajista, a killace duk wani sashe na inji mai hatsari, a samar da iska da haske da ruwan sha da akwatin taimakon gaggawa, a riƙa kawo mai izini yana duba tukunyar tururi lokaci-lokaci. In hatsari ya kashe mutum ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku, wajibi ne a sanar da sufeton masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Kuma kada wani ya ce nasa ƙaramin inji ne, ba sai ma'aikata sun yi yawa ba wuri yake shiga ƙarƙashinta. Rauninta biyu ne: tarar da ke ciki kuɗin 1987 ne, yau ba ta tsorata kowa, sannan sufetocin ba su kai yawan wuraren ba.

Alhaji Mai Inji, Jega: Ni tun da na kafa inji ban taɓa ganin sufeton nan ba. Masu karɓar haraji dai ba sa ɓatan hanya.

Matashi Ɗan Bunza: Alhaji yau ka faɗi gaskiya tsantsa.

Barista: Akwai ta biyu da ta fi shafar aljihu, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010. Mai aiki zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya. Daga aljihunsa, haramun ne ya cire daga albashin ma'aikaci. In aka ji rauni a bakin aiki, ko aka kamu da cutar da aikin ya jawo, ko aka rasu, asusun ne ke ɗaukar magani da diyya, ba sai an tsaya shari'ar wa ya yi laifi ba. Alhaji, wannan kai ma kariya ce gare ka. Ka auna kashi 1 da ranar da za a kawo maka lissafin tiyata.

Sarkin Dako, Argungu: Barista, mu da ba mu da albashi hwa? Ɗan kwangila ka kawo mu, kullum a sallame mu da marece. Kamfani ya ce bai san mu ba, ɗan kwangila ya ce shi ba kamfani ba na.

Barista: Baba Sarki, nan ne gizo yake saƙa, kuma da gangan ake yin tsarin haka. A rubuce dai dokar 2010 ba ta ware leburan yini ba, ta haɗa da na wucin gadi da ɗan koyo. Matsalar hujja ce. Ranar da abu ya faru sai a ce ba a taɓa ganin ka ba. Shi ya sa nake ba ƙungiyoyin 'yan dako shawara su riƙe littafinsu na kansu: suna, rana, wurin da aka yi lodi, wa ya kira. Wanda kuma aka ɗauka aiki na dindindin, Dokar Ƙwadago ta ce a ba shi takardar sharuɗɗan aiki kafin wata uku su cika.

Ɗan Kamba: Wata ukku? Ni shekaru nika nan, ko katin shaida ban da shi. Kuma kunnena na hagu ya fara tahiya, sai an ɗaga murya nika ji.

Sista Maman Ummi: Wannan ma cutar aiki ce Ɗan Kamba. Ma'auni shi ne ƙarar da ta kai desibel 85 a awon ƙarfin sauti na awa takwas tana cin ji a hankali. Ba sai da na'ura ba: in sai ka yi ihu wanda ke tsaye kusa da kai zai ji ka, ƙarar ta yi yawa. Abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare sauran. 'Yar robar toshe kunne ba ta da zafi irin na takunkumi, wannan kam ba ka da uzuri. Janareta kuma a fitar da shi daga ɗakin aiki.

Yayan Wani: Barista don Allah taimako. Ƙanena ne, kwana shida ke nan injin gyaran dutse ya cinye masa yatsu biyu a wani wuri, ba zan kama suna ba. Sun biya kuɗin ɗinki, sun ba shi ɗan wani abu, sun ce ya sa hannu a takarda cewa magana ta ƙare. Bai sa ba tukuna. Mahaifiyarmu ta ce a bar wa Allah, kada a ce mun yi butulci.

Malam Na Zauro: Neman haƙƙi ta hanyar da ta dace ba butulci ba ne. Ku lallashi gyatuma, ku yi mata bayani da ladabi. In ya ga dama ya yafe bayan ya san abin da yake yafewa, wannan nasa ne.

Barista: Kada ya sa hannu a komai sai wani ya karanta masa. Dokar 2010 ba ta yarda mai aiki ya sa ma'aikaci ya sarayar da haƙƙinsa na diyya ta irin wannan takarda ba, amma gara kada a shiga rigimar tun farko. Lokaci ne abin kula. Ma'aikaci ko wani nasa zai sanar da mai aiki cikin kwana 14, ku yi a rubuce ku riƙe kwafi, saura muku kwana takwas. Shi mai aikin zai kai rahoto NSITF cikin kwana 7 da faruwar raunin. Neman diyyar kuma cikin shekara ɗaya ake shigarwa. In ya ƙi kai rahoto, ko ya ce bai yi rajista ba, ku je ofishin hukumar da kanku, ku kuma sanar da ofishin ƙwadago na tarayya a Birnin Kebbi. Ku adana katin asibiti, rasit, hoton hannun, da sunayen waɗanda ke wurin lokacin.

Yayan Wani: Ba shi da takardar ɗaukar aiki. A hannu ake biyan su duk Asabar.

Barista: Wa ke rubuta sunayen waɗanda suka zo aiki?

Yayan Wani: Fomen yana da wani littafi mai baƙin bango, a nan suke dangwala hannu in sun karɓi kuɗi.

Barista: To wannan littafin shi ne takardarsa. A samu wanda zai ɗauki hoton shafukan da sunansa yake, na watannin baya da na satin da abin ya faru, ranar ta fito sosai a hoton. In an taɓa tura masa kuɗi ta waya ko sau ɗaya ne, kada ya goge saƙon. Ka turo mini ta gefe in duba kafin ku rubuta wasiƙar.

Yayan Wani: Abokinsa yana aikin safe gobe, shi ke kai wa fomen littafin ofis. Zan kira shi yanzu.